Kwandon ganye na mako da ake kawowa gida a Kaduna: me ke cikinsa, me ya rasa?

Sana'ar kai kayan gwari har ƙofar gida ta zauna da gindinta a Kaduna. Uwargida ta aika saƙo ta WhatsApp, ta tura kuɗi ta waya, kafin la'asar mai babur ya yi sallama da kwando ko kwali. Masu sana'ar kan yi sammako su saro kaya a Bakin Dogo ko Kasuwar Gumi, ko Kawo ranar Talata, su tsince, su jera, su rarraba zuwa Malali, Unguwar Rimi, Barnawa, Unguwar Dosa da sauran unguwanni. Ga matar da ke fita aiki da bakwai ta dawo da biyar, wannan sauƙi ne babba, kuma mun yaba masa. Abin da muke so mu auna shi ne sunan da ake tallar kayan da shi, wato kwandon lafiya. Shin abin da ke ciki ya kai a kira shi haka?

Idan aka kwance irin kwandon da aka saba kawowa, abin da ido zai fara gani ƙaton kabeji ne, sai latas, kokwamba uku ko huɗu, karas, koren wake, koren tattasai, tumatir da albasa, ga dankalin turawa a ƙasa. Wasu kan ɗora ɗaurin alayyahu guda a sama, wasu kuwa sai an roƙa. Kaya ne masu kyan gani, da yawansu daga Jos da kewayen Zariya suke zuwa, suna jure hanya, suna kwana uku ba su yi yaushi ba. Juriyar nan ce ta sa mai sayarwa ke son su. Amma abin da ya dace da mai sayarwa daban, abin da jikin mai ci ke nema daban.

A fara da nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda ya kai shekara goma ya riƙa cin aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, yaro mai shekara shida zuwa tara giram 350, mai biyu zuwa biyar giram 250. Gidan da ke da miji da mata, da manyan yara biyu, da ɗan shekara bakwai da 'yar shekara uku, lissafinsa giram 2,200 ne a rana, wato kilo 15.4 a mako. Ko da rabi ya fito daga lemu, gwanda, kankana da mangwaro, saura kilo 7.7 na kayan miya da ganye. Dankalin turawa, dankalin Hausa da rogo ba sa cikin wannan lissafi, domin su abincin cika ciki ne. Saboda haka, uwargida, ki cire dankalin gefe ki ɗora sauran a sikeli. Abin da ya nuna shi ne ainihin kwandonki, kuma daga nan ma sai an cire ɓawo, kara da ganyen da ya lalace. Mai sana'ar da ke rubuta nauyin kowane kaya a jikin takarda ya fi mai cewa "babban kwando" da "ƙaramin kwando" gaskiya da abokin ciniki.

Mafi yawan alƙaluman da za su biyo baya na giram 100 ne na ɗanyen abu bayan an gyara shi, kamar yadda suke a jadawalin abinci na ma'aikatar noma ta Amurka. Ƙasa, iri da lokacin tsinka kan sa su hau ko su sauka, amma jerin wanda ya fi wani ba ya cika canjawa.

Kokwamba dai ruwa ce, kashi 95 cikin ɗari. Sinadarin ƙarfe, wanda ake kira ayon, bai kai miligiram 0.3 ba a cikinta, kalsiyam 16, bitamin C ƙasa da 3. Tana sanyaya baki a bazara, tana taimakon mai son rage ƙiba ya cika faranti, iyakarta ke nan. Guda ɗaya ko biyu sun isa mako. Kabeji ya fi ta nesa ba kusa ba: bitamin C kusan miligiram 37, ga folet (bitamin B9, mai taimaka wa jiki yin jini) da bitamin K, ga daɗewa. Sai dai ayon ɗinsa bai kai rabin miligiram ba, kalsiyam 40, bitamin A kuwa kusan babu. Koren wake matsakaici ne a komai, ayon miligiram 1, bitamin C 12, ga faiba mai sa bayan gida ya yi laushi.

Latas sai an kalli launinsa. Mai dunƙulewa kamar kabeji, fari-fari daga ciki, bai fi kokwamba da komai ba sosai. Mai buɗaɗɗen ganye kore shar yana da bitamin A har maikirogiram 370, abin da ya haura rabin buƙatar mace a rana. Kuskuren da masu jera kwando ke yi shi ne ɓare ganyen waje mai duhu a zubar don kan ya yi tsaf, alhali ganyen da ya sha rana shi ne mai amfanin.

Abubuwa biyu ne suka fitar da kwandon kunya. Na farko karas: maikirogiram 835 na bitamin A, mace babba tana buƙatar kimanin 700 a rana, namiji 900. Karas matsakaici guda, mai giram 60, ya ba da wajen 500. Na biyu tattasai. Kore yana da bitamin C miligiram 80, ja kuma kusan 128, ya ninka lemun zaƙi fiye da sau biyu, ga bitamin A da kore ba shi da shi sosai. Don haka idan za a zaɓa, a ce wa mai kawowa ya musanya rabin koren da jan tattasanmu na miya. Tumatir bitamin C ɗinsa bai wuce 14 ba, ƙarfinsa yana wajen laikofin, sinadarin da ya ba shi ja, wanda jiki ya fi ɗauka idan an dafa da mai. Tumatirin da ya nuna sosai shi ya fi shi, ba mai ɗorawa-ɗorawa da aka tsinko don ya jure hanya ba.

Babban giɓin kwandon yana wajen ganyenmu na gida, kuma a nan ne muke ganin an yi wa mai saye ƙwange ba tare da an nufa ba.

Alayyahu yana da kalsiyam miligiram 215, ayon 2.3, bitamin C 43, bitamin A maikirogiram 146, folet 85. Kalsiyam ɗinsa ya ninka na kabeji sau biyar, ayon ma haka. Lalo, wanda Yarbawa ke kira ewedu, ya fi shi: ayon kusan miligiram 4.8, kalsiyam 208, furotin giram 4.6, bitamin A maikirogiram 278, folet 123. Zogale kuwa furotin ɗinsa giram 9.4 ne, abin da ba kasafai ake samu a ganye ba, ayon miligiram 4, kalsiyam 185, bitamin C 52, bitamin A maikirogiram 378. Wanda ke son ya samu ayon ɗin da ke cikin giram 100 na zogale daga kokwamba sai ya ci kusan kilo ɗaya da rabi. Kuɗin kokwamba huɗu da ke kwance a kwando zai sayi ɗauri da yawa na waɗannan ganyaye, musamman da damina lokacin da rama, yakuwa, lalo da tafasa ke cika kasuwa. Kuɓewa ɗanya ma ta cancanci gurbi: kalsiyam 82, bitamin C 23, folet 60, faiba fiye da giram 3. Kabewa mai jan ciki tana da bitamin A 426, kuma idan ba a yanka ba tana wata da watanni a ɗaki. Miyar taushe da aka haɗa kabewa, alayyahu, yakuwa da gyaɗa ta fi kwanon salak na kabeji da kokwamba gina jiki, ko ta ina aka auna.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa game da zogale, tun da wasu masu kwando kan ƙara ƙullin garinsa da dogon kirari. Maganar nan da ake yawo da ita cewa ya ninka lemu bitamin C sau bakwai ba ta dace da jadawalin ba: lemun zaƙi yana da kimanin miligiram 53, ɗanyen zogale 52, kusan kunnen doki. Garin kuma ya riga ya rasa mafi yawan bitamin C wajen shanya. Abin da ya rage masa furotin ne, kalsiyam da ayon, kuma sun isa dalilin saye. A duba launi: kore mai haske alamar an shanya a inuwa, ruwan ƙasa alamar rana ta ci karotin ɗinsa, wato sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Wannan ma'auni shi ne na kuka. Busasshiyar kuka tana da kalsiyam fiye da miligiram 1,000 a giram 100, don haka giram 10 da ke shiga rabon mutum ɗaya a miya sun ba shi sama da 100, kusan abin da rabin ƙaramin kofin madara ke bayarwa.

Sai dai abin da ke cikin ganye ba duka ke shiga jini ba. Alayyahu na ɗauke da okzalet, wanda ke kama wani ɓangare na kalsiyam ya hana hanji tsotsa, shi ya sa ko da alƙaluminsa ya fi na madara, jiki ya fi cin moriyar na madarar. Ayon na ganye ma bai kai na nama, hanta ko kifi saurin shiga ba. Abin da ke taimakonsa bitamin C ne a faranti ɗaya: a matsa lemun tsami a kwaɗo, a yanka ɗanyen tumatir da jan tattasai a kai, ko a sa ɗan kifi a miyar. Abin da ke hana shi kuwa shayi ne da kofi. A bar aƙalla awa guda tsakanin cin abinci da shan shayi. Bitamin A na karas, kabewa da ganye sai da maiƙo yake shiga jiki, cokali ɗaya na man gyaɗa ko ƙuliƙulin kwaɗo ya wadatar. Manja da kansa cike yake da karotin, amma idan aka bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari, an ƙone shi.

Mai juna biyu tana buƙatar ayon kusan miligiram 27 a rana. Ba kwandon da zai cika wannan, komai kyansa. Ganye ƙari ne a kan maganin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo, ba madadinsa ba. Haka bitamin B12, babu shi a ganye, sai a nama, kifi, ƙwai da nono.

Yanzu ga yadda ake kawo kayan, domin a nan ne sana'ar ta fi buƙatar gyara. Ganye yana ci gaba da numfashi bayan an tsinke shi, zafi kuma yana gaggauta ƙonewar bitamin C da folet. Alayyahun da aka saro da asuba, aka ƙulle a leda, aka bar shi a akwatin babur har azahar, yana isowa da gumi da ɗumi, washegari ya fara ruɓewa daga tsakiyar ɗauri. Mai sana'ar da ya san aikinsa kafin ƙarfe goma na safe yake kai ganye, a kwando mai iska ko leda mai huji, an lulluɓe da tsumma mai ɗan danshi. A tambayi lokacin kawowa kafin a tambayi farashi.

Matsala ta biyu ita ce yankakken ganye. Ana tallarsa a matsayin ƙarin hidima, kuma lallai yana rage aiki, amma kowane yanka ƙofa ce da iska ke shiga ta cinye bitamin C. Mafi muni shi ne a yanka sannan a wanke, domin ruwan koren da ke tafiya a roba da folet da fotasiyam yake tafiya. Sannan ba ki ga ruwan da aka yi wankin da shi ba. Shawararmu a karɓi ganye da karansa. Idan dole sai yankakke, to ya zama na tukunyar ranar.

Ta uku jeri ne. Tumatir nunanne, ayaba da mangwaro suna fitar da wata iska mai suna etilin da ke nunar da kaya. Idan aka rufe su wuri ɗaya da ganye, ganyen ya yi ɗorawa da wuri, kokwamba ta canja launi, latas ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa, karas kuma ya yi ɗaci. Sau da yawa karas mai ɗacin da ake ɗora wa manomi laifinsa, a kwali ya samo ɗacin. Ledar tumatir daban, ta ganye daban, kuma tumatir a sama ba ƙarƙashin kabeji ba.

Masu kwando da ke kawo kaya iri ɗaya daga Janairu zuwa Disamba su ma suna cutar kansu da abokan cinikinsu. Da hunturu, lokacin da noman rani ya kankama a fadamu da bakin Kogin Kaduna, tumatir, karas, kabeji da latas suna araha kuma suna da kyau. Da damina tumatir ya yi tsada ya yi ruwa, amma ganye da kuɓewa sun wadata. Da kaka ga kabewa. Kwandon da ke bin yanayi ya fi arha, ya fi sabunta.

Game da kalmar "oganik" da wasu ke liƙawa, ido ba ya gane ganyen da aka yi wa feshi jiya. Mai sana'ar da zai iya faɗin gonar da ya saro da ranar da aka yi feshin ƙarshe shi ne maganarsa ke da nauyi. Wanda a kasuwa ya saro kamar kowa, kayansa na iya zama masu kyau, amma bai kamata a biya shi ƙarin kuɗi a kan wannan kalma ba.

Duk abin da za a ci ɗanye sai an wanke shi da kyau ko da an rubuta cewa wankakke ne, domin wasu lambunan da ruwan da ba shi da tsabta ake ban ruwa. A ɓare latas ganye-ganye, a wanke a roba mai faɗi sau uku, kowane karo a tsamo ganyen daga ruwa maimakon a tsiyaye, don yashi da ƙwan tsutsa su zauna a ƙasa. A jiƙa minti biyar zuwa goma a kofi ɗaya na ruwan khal cikin kofi uku na ruwa, a ɗauraye. Ba a sa sabulu ko garin wanki. Wannan yana rage ƙwayoyin cuta ne, ba ya kashe su duka, saboda haka lokacin da amai da gudawa ke yawo a gari, yara ƙanana, masu ciki da marasa lafiya su ci dafaffe.

Da kwando ya iso, a tsara cinsa bisa saurin lalacewa. Alayyahu, lalo da zogale ranar farko da ta biyu. Latas, kuɓewa da koren wake zuwa rana ta huɗu. Kabeji, karas da kabewa su ne na ƙarshen mako. A yanke ganyen kan karas nan take, domin yana janye ruwan jikinsa ya sa shi laushi. Ganye ba a wanke shi kafin a ajiye. Tumatir da kokwamba ba sa son sanyi mai tsanani: tumatir ya rasa ɗanɗano, kokwamba ta yi ramuka ta jiƙe. Inda wuta ba ta tsayawa, randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa a shekarun 1990, tana riƙe kaya kwanaki. Ta fi aiki da rani lokacin da iska ta bushe, da damina sanyinta kaɗan ne.

Tukunya ita ce ke yanke hukuncin ƙarshe a kan kuɗin da aka kashe. Alayyahu a wanke, a yanka, a zuba minti uku zuwa biyar kafin a sauke miya. Zogalen kwaɗo a turara shi a madambaci, ko a dafa da ruwa kaɗan wanda zai tsotse, kimanin minti goma, maimakon a cika tukunya a tafasa a zubar. Rama dole a tace ta saboda tsami, to a san cewa bitamin C ya tafi da ruwan, a mayar da shi da ɗanyen tattasai da tumatir. Kanwa tana sa ganye ya yi kore ya yi laushi, tana ƙara yauƙi, amma tana lalata bitamin C da B1. Kuɓewa da lalo za su yi yauƙi ba da ita ba idan an goga ko an yanka ƙanana, aka burga da maburgi, aka bar tukunya a buɗe. Karas kuwa ɗan dafawa da mai ya fi ɗanye sakin karotin ɗinsa.

A ganinmu hidimar ta cancanci kuɗinta ga gidan da zuwa kasuwa ke yi wa wuya, da sharaɗin mai kawowa ya yarda a sauya abin da ke ciki. Saƙon da za a tura masa ba shi da tsawo: a rage kokwamba zuwa biyu, kabeji ƙarami, a cire dankali a yi masa lissafi daban, a sa ɗauri uku na ganye iri biyu ko uku, jan tattasai, kuɓewa, da yankin kabewa idan lokacinta ne. Idan zai yiwu a raba kawowar gida biyu, ganye ranar Litinin da Alhamis, ya fi a jibge duka rana ɗaya.

Gidan da ke da mai ciwon ƙoda ya nemi shawarar likita kafin a ƙara ganye, domin alayyahu kaɗai yana da fotasiyam sama da miligiram 600, kuma ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da shi. Mai yawan fama da tsakuwar ƙoda ya rage alayyahu, ko a tafasa a zubar da ruwan, wanda ke rage okzalet. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ba a hana shi ganye ba, amma bitamin K da ke ciki yana rage ƙarfin maganin, don haka ya riƙa cin kusan adadi ɗaya kowane mako, kuma ya sanar da likitansa kafin a canja kwandon gidan.